Daga Saman Buhunan Siminti

Babbar motar ta tsaya a layin kwastan na Jibiya, fasinjoji na zaune bisa buhunan simintin da ɗaya daga cikinsu ya sayo a Katsina. Gobe zai rushe tsohon zauren mahaifinsa, ya yi na bulo da kwano, kamar yadda kowa ke yi tun da kuɗin mai suka shigo.

Wani dattijo ɗan Maraɗi ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku duba can! Don shi nike ƙin zama gaban mota, ko direba ya roƙe ni."

Duk suka juya. Daga sama, kwano ne ke ta ƙyalli ko'ina, sai zaure ɗaya na ƙasa, da zankayensa huɗu da zanen da ya kewaye ƙofa. Mai simintin ya ƙura masa ido. Zauren mahaifinsa ne, bai taɓa ganinsa daga nan ba.

"Babu irinai har Damagaram," in ji dattijon. "Allah dai ya sa magajin gidan ba sakarai ba ne."

Aka yi dariya, aka ce amin. Mai simintin ma ya ce amin.

Dattijon ya bubbuga buhun da yake tsaye a kai. "Ɗana, mi za ka yi da simintin ga?"

Ya sake kallon zauren.

"Rijiya za mu gyara, Baba."