Hatsin Marayu

Wata mata tana tsame 'ya'yan anza, abincin lokacin yunwa, daga ruwa a ƙofar gidan mahaifinta a Dumega, sai ga baƙo ya tsayar da jaki, taiki biyu cike da hatsi. A shekarar da fara ta cinye gonaki, irin wannan kaya kan tara jama'a.

"Taimako don Allah, bayin Allah," in ji shi. "Rijiyar da kwamandan na Nasara ya sa aka gina da aikin dole a Dogon Kiriya ta rufta da yayana. Ya bar mata da ɗiya ukku. Tun kaka nike bin garuruwa ina tara musu abinci."

Ya share hawaye da bakin rawani. Mata suka shiga gida, suka fito da ƙoƙuna, kowace da ɗan abin da ta rage daga bakin 'ya'yanta.

Ita ba ta motsa ba. Ta tambayi sunan mamacin, ya faɗa daidai. Ta tambayi inda matar take.

"Tana can ɗakinta, ko jiya na baro ta tana kuka."

Bai tuna cewa mace in ta fita takaba gidan ubanta take komawa ba. Mijinta kuwa, wanda rijiyar ta rufta da shi, bai taɓa yin ƙane ba.

Ta kira yaranta uku, suka fito duk ƙashin wuya a waje. Ta kama igiyar jakin.

"Sannu da hanya, ƙanen miji," ta ce. "Ka iso. Sauke kayan."