Gajeren Teburin Matar Kafinta

Ranar da aka shigo da teburin, matar Kafinta ta zagaya shi sau biyu, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Malam, ina sauran? Ko a shago ka baro rabin ƙafafun?"

Shekara talatin da ɗaya tana jiran teburin nan. Ba wani abin a zo a gani ba ne: siririn tebur na bakin ƙofa, wanda mutum ke sauke makulli da jaka a kai in ya shigo gida. Kaf layin babu gidan da babu irinsa, kuma duk daga hannun mijinta suka fito. Mai kemis na da shi. Tela na da shi. Har direban nan da ba ya gaida kowa an yi masa. Bencin makaranta ya karye, a kira Kafinta. Ƙofar maƙwabciya ta sauka, a kira Kafinta. Ranar yashe kwata shi ne kan gaba da shebur. Ita kuwa matar mai sana'ar, a jikin ƙusa take rataye makullinta kamar 'yar haya.

Awonsa ne ya sa ake rububinsa. Bai yarda da tef ba. Zai sa ka miƙe tsaye, ka saki hannu, ya ja zare daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. Tsayin teburinka ke nan, naka kai kaɗai. Ka shigo a gajiye, ka buɗe tafi, makulli ya sauka, ba sunkuyo ba miƙa.

Abin da take so ke nan, ba katakon ba. So take rana ɗaya tak mutumin nan ya ajiye jama'a, ya dube ta, ya ce, "Tashi in auna ki."

Bai ce ba. Tun makon da ya raka ta asibiti kan yawan tuntuɓen da take yi, aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta rage tsayuwa, shi kuma ya shanya ta a benci rabin awa wai ya manta hularsa a ɗakin likita, ya rufe shago ga kowa. Sati shida yana kan teburin nan. Aiki uku ya mayar wa masu shi. Ba ƙusa ko ɗaya a teburin, duk haɗi ne, katako ya shige cikin katako. Ya goge kusurwoyin har suka yi santsi, ya shafa masa mai sau huɗu.

Sai ga abu da ƙyar ya wuce gwiwarta.

Tela ya leƙo ya ce, "Baba, na jikoki ne?" Matar mai kemis ta toshe baki da mayafi. Kafin azahar magana ta zaga layi: idon Kafinta ya tafi, hannu ya tsufa.

Shi dai cewa ya yi, "Ki bar shi haka. Zai yi miki amfani."

"Amfanin me? In durƙusa masa duk na shigo? Ka san tsayin kowa a layin nan, har wanda bai san sunanka ba. Ni ce ba ka taɓa ɗaga ido ka kalla ba!"

Kuma ba ta tsaya nan ba, don ita in ta hau ba ta san sauka ba. Ta aika aka kira sabon kafintan bakin titi, mai injin nan da komai ƙusa yake zuba masa. A gaban mijinta aka kifa teburin, aka ƙara wa kowace ƙafa guntun katako. Duk saukar guduma sai idon tsohon ya ƙifta. Da aka gama ya sa takalminsa ya fita gyara wa wani taga.

Wata huɗu suka yi a kan "ga abincinka" da "an gode". Ran wata Talata da hantsi, yana ɗaure allo a makaranta, ya dafe ƙirji ya zauna. Bai tashi ba.

Layin duka ya zo. Kowa da labarin abin da marigayin ya gyara masa. Tana zaune tana amsa gaisuwa, idonta a bushe, tana cewa a ranta: duk ya san ku, ban da ni.

Ƙafar hagu ce ta fara ƙin ɗaukarta, dama ta biyo baya. Bayan wata biyu a gadon asibiti, Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta turo ta gida a keken marasa lafiya. A bakin ƙofa ta fizge makullin, ta ce ƙofarta ce, ita za ta buɗe. Ta buɗe kuwa. Da ta zo ajiyewa, hannu ya ƙi kai saman teburin. Makullin ya faɗi ƙasa.

"A cire masa ƙafafun aron nan, ko a fitar min da shi!"

Mijin Auta ya samo guduma ya ɓamɓare guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da teburin jikin bango. Auta ta miƙa mata makullin, tana kuka kamar yau aka yi rasuwar.

Matar Kafinta ta saki hannu don gajiya kawai. Tafinta ya buɗe, makullin ya sauka a kan katakon ko ƙara bai yi ba. Ba sunkuyo, ba miƙa. Ta juyo ta dubi 'yarta.

"Tun ranar asibitin nan likita ya gaya wa Baba ƙafafunki za su daina ɗaukarki, Mama, ya hana a faɗa miki. Kina gyangyaɗi a kujera ya auna ki. Ni na riƙe masa zaren."