Jarrabawa a Shingen Soja

"Get down!"

Kafin in gama saukowa daga babbar motar, gindin bindigar wani kofur ya same ni a baki. Haƙora biyu suka zube a kan hanyar Gwagwalada. A 1968 ne, ana yaƙi, kuma wanda soja ya janye a shinge ba lalle ya koma gida ba.

"Kneel down! Look up!"

Na durƙusa, na ɗaga kai. Kowane umarni da nasa dukan. Ko a Landan, inda na yi karatu, ban ji an furta kalmomin nan fes haka ba.

Direba ya ce, "Oga, malamin makaranta ne fa!"

"Na sani," in ji kofur ɗin.

Ya sunkuyo, ya nuna mini yatsunsa uku, duk a karkace.

"Malam Dallatu, ni ne Yamusa, ɗan aji huɗu. Da rula ka karya su saboda kalmomin nan. Yau maki nawa na ci?"

Na tofar da jini. "Goma bisa goma."

"Saura ɗaya da ka koya mana."

Ya ɗana bindiga, ya nuna mini daji.

"Run away."