Mai Guga Ya Zaɓi Iri

Mai guga mutum ne da ba ya shiri da abin da ya yamutse. Ko labulen gidan mutane ya gani a tattare, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

A bayan ɗakinsa akwai tsohuwar shukar fashon-furut guda ɗaya tak, ta yi yaɗo ta rufe rumfa. 'Ya'yanta mulmulallu ne, cikinsu ruwa mai ɗan tsami da ƙananan iri. Da su matarsa take haɗa lemon da take sayarwa a ƙofar gida, da shi ake cefane.

Da shukar ta fara gajiya, ya ce zai fitar da iri ya cika bayan gidan da sababbi. Matar ta kawo masa waɗanda suka nuna suka faɗo da kansu, fatarsu duk ta motse.

"Haba ke kuwa! Waɗannan masu fuskar kakata? Ni da sana'ata in shuka yamutsattsu?"

"Maigida, su ne masu ƙosasshen iri. A bar su su ɗan kwana biyu a inuwa, sannan a wanke irin a shanya."

Ina! Gogan naka ya hau kujera ya tsinko koraye shar masu sheƙi. Ya fasa, ya kwashe irin fari fat da ruwansa, ya ƙulle a leda. Ya rataye ledar saman kaskon da yake hura gawayin dutsen guga, wai don idonsa ya riƙa kai. Sannan ya sa adda ya sare tsohuwar shukar, don sababbin su sami fili.

Ranar shuka da aka kwance ledar, sai da kyanwa ta bar gidan saboda wari. Irin ya yi hunhuna. Duk da haka ya binne, yana ban ruwa safe da yamma, yana tsugunawa yana leƙen ƙasa.

Can dai abu ɗaya ya tsiro. Ya yi masa shinge, ya kira surukinsa ya zo ya sa albarka. Tsohon ya sunkuya ya duba da kyau.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma wannan ciyawa ce."

Babu iri, babu uwar iri. Matar ta kife robobin lemonta, masu saye suka koma wani layin, cefane ya gagara. Abin da ban dariya, amma ita kam har kuka ta yi.

Jama'a, kyan fata ba shi ne kyan iri ba. A ɗebi iri daga ɗan itacen da ya nuna sosai, a wanke, a busar a inuwa, a adana inda babu zafi babu danshi.