Yanar Gizo Mai Gudu

"Mama, danna nan kawai," in ji shugaban jami'a, yana gyara tsayuwa gaban masu ɗaukar hoto.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Yanar gizon da na sani ita ce wadda nake sharewa a lungun ɗaki, kuma ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Amma wai wannan mai gudu ce, ta masu bincike. Har sun raɗa mata sunan marigayi mijina, don shi ya tsufa yana aiki a jami'ar yana roƙon a kawo ta.

Da ciwo ya kwantar da shi, asibitin jami'ar suka ce za su tura hoton ƙirjinsa ga wata babbar likita a ƙasar waje. Kullum na tambaya, sai a nuna min wani ɗan zobe yana juyawa a kwamfuta. "Yana kan hanya, Mama, a ƙara haƙuri." Zoben yana juyawa aka binne shi.

Na danna. Nan take duk abin da ya maƙale a tsohon layi ya wuce. Aka ɗau tafi. Sai ga likitar a wani babban allo a bango tana magana, wani farfesa yana fassara min yana washe baki.

"Ta ce hoto ya iso tas! Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, a hanzarta kawo mara lafi..." Sai ya haɗiye sauran.

Shugaba bai lura ba. "Mama, kin ga gudu, ko?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Sai dai baban yarana ya fi ta gudu."