Allura a Bayan Ziyad

Fankar ɗakin yara ta sake tsayawa. Ummu Ziyad ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta zura hannu bayan labule ta jijjiga wayar, fanka ta tashi. Haka asibitin nan na Asyut a ƙasar Masar yake, komai sai an lallaɓa shi.

Ziyad, ɗanta tilo mai shekara uku, yana kwance jikinsa zafi rau. Tun safe ba ya son haske, in an taɓa wuyansa sai ya sandare ya saki wani siririn kuka. Kwana da kwanaki tana cewa mura ce, ta ɗura masa magani, ta bar shi wurin kakarsa ta fita aiki. Abin da ke cin ranta ke nan, ga gajiya ta kai mata har ƙashi.

Dakta Ramzi, matashin likitan da ke kan aiki, ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hannu. Ya tambaya wa ya ba yaron maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida. Ta ce ita ce. Ramzi fa mutum ne mai wanke iyaye tas a kan wannan laifi, amma yau sai ya dubi takalminsa kawai.

Ya ce sanƙarau yake tsoro. Dole a ɗebi ruwa daga ƙashin bayan yaron, a san irin cutar da ake faɗa da ita.

Hajja Nabawiyya, kakar yaron ta wajen uba, ta dire kofin shayinta. "Allura a gadon baya? Ba dai jikana ba. Ɗan Fauziyya mai burodi da aka yi wa, ga shi can har yau yana jan gindi. Ku ƙara masa ruwan nan naku mu tafi gida."

Ramzi ya shiga bayani: ciwon ne ke gurgunta yaro, ba allura ba, kuma allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare. Yana jero shi kamar hadda. Leɓunan Ummu Ziyad suna motsi tare da nasa.

Tsohuwa ta juyo kanta. "Ke kuma kin yi tsit. Da baki kamar reza a kan 'ya'yan mutane. To yau naki ne, yi magana mana."

Ta san surukarta ba ta da gaskiya. Amma da ta dubi bayan nan ɗan siriri, ƙasusuwa a jere kamar carbi, sai tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba. Ta tuna matan da ta sha gani a barandar nan suna kuka suna ƙin yarda, da irin haushinsu da take ji. Ashe haka abin yake.

Ta ce, "Mama, ki jira mu a waje."

"In ya gurgunce fa?"

"In ya gurgunce ni zan goya shi. In ya mutu, wa za ki goya?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta fita tana salati.

Ba wanda ya ce uwar ta fita, ba kuma wanda ya nuna mata yadda ake riƙo. Ta kwantar da Ziyad a kan gefe ɗaya, ta lanƙwasa shi har gwiwa ta taɓa ƙirji. Ramzi ya goge bayan, ya lalubi wurin. Ma'aikatan jinya sun taru a bakin ƙofa suna kallo.

Ba tare da ta waiwaya ba ta ce, "Ƙasa kaɗan, Ramzi."

Ya sauko kaɗan. Allura ta shiga. Ruwan da ya kamata ya fito garau sai ya ɗigo fari-fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Ta rufe ido.

Ramzi ya ɗago kwalbar da ya tara ruwan, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da wane magani za mu fara, Shugaba?"

Ummu Ziyad, wato Dakta Suhair, shugabar sashen yara, wadda ta koya wa Ramzi da duk likitocin ɗakin nan riƙon wannan allura, ta kifa goshinta a kan na ɗanta ta ce, "Fara da abin da na koya maka, ka yi sauri. Ni yau ba na iya tuna komai."