Gwangwanayen Inna

Wani Kanar ya tako har Ƙofar Kware don jin dalilin da zai sa gwamnati ta saya wa wani matashin malamin jami'a kwamfuta.

"Ranka shi daɗe, sabon harshen bai wa na'ura umarni nike ƙirƙira," in ji malamin, yana haɗa masa shayi. "A na Turawa, kowane mazubi sai an faɗi abin da zai ɗauka tun farko. Nawa kuwa kamar gwangwanayen Innarmu ne, yau allura, gobe daddawa. Ba a bincike sai an zo amfani."

Ya buɗe gwangwanin sukari, ya antaya.

Kanar ya kurɓa, ya runtse ido, ya haɗiye gishirin da ƙyar.

"To, Malam," ya ce, "ga shi an zo amfani."